Ranar da Aka Cire Feda

Tela ya yi shekara uku da gane halin ciwonsa, bai gaya wa kowa a gidan ba. Ciwon a ƙugu yake zaune, ya biyo cinyar dama har diddige. In ya tsaya yana cinsa, in ya kwanta yana cinsa. Abu ɗaya kawai yake jin nauyinsa: fedar keken ɗinki.

Shagon a jikin gidan yake, ɗaki ne aka fasa masa ƙofa ta titi. Daga gadonsa zuwa kujerar keken taku goma sha huɗu ne, kuma kowace safiya da dafa bango yake yin su, haƙora a cije. Da ya zauna sai ya ɗora ƙafafu biyu a kan faffaɗar fedar ƙarfen nan, dama a gaba, hagu a baya, ya ba ƙaramin wilin mari ɗaya da tafin hannu. Yatsun ƙafa su danna, babban wilin ƙasa ya zagayo ya dawo masa da ƙafar, yatsu su sake dannawa. Kafin ya gama kalmasa ƙafar wando ɗaya ciwon ya fara sassautawa. Kafin ya gama ta biyu ya ja da baya, ya koma bakin ƙofa ya tsaya kamar baƙon da aka ce ya jira. Ba tafiya yake yi ba, Tela ya san yana nan. Amma mutum yana iya yin hira, ya yi dariya, har ya zagi mai kawo yadi a makare, da baƙo a bakin ƙofa.

Ba wanda yake ganin wannan, don ciwon da ya lafa ba shi da alama. Abin da mutanen gida ke gani shi ne lokacin da ya ɗauke ƙafa ya miƙe. Nan ciwon yake afko masa gaba ɗaya, ya damƙe bakin teburi, ya ce wash, wani lokaci har da gumi. Sau biyar, sau shida a rana, shekara uku. Duk wanda ya ga haka cewa zai yi keken nan ne ke kashe shi. Haka kuwa suka ce.

Shi kuma bai saba da bayani ba. Mutum ne da in an tambaye shi jiki zai ce da sauƙi, ko da ranga-ranga aka ɗauko shi.

Ranar da babu aiki ma ba ya tashi daga keken. Sai ya zare zare, ya cire allura, ya yi ta taka feda a wofi. Maƙwabcinsa Mai Guga, wanda shagonsa ke manne da nasa tun suna da baƙin gashi, ya taɓa leƙowa ya gan shi.

“Tela, wa kake ɗinka wa, aljanu?”

“Su ma ba tsirara suke yawo ba.”

“To ka ce musu akwai mai guga a kusa.”

A ranar Tela ya ɗan gwada faɗin gaskiya. Ya ce magani yake sha. Mai Guga ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ma daga yau zai riƙa goge teburinsa babu riga, ko basur ɗinsa zai tafi. Tela ya taya shi dariyar, bai sake tayar da maganar ba.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ba dariya ta yi ba ranar da ta gani. Ta shigo da kofin shayi, ta tarar da keke na gudu, babu zare, babu yadi, maigida ya lumshe ido. Ta koma da shayinta. Kafin la'asar ta kira babban ɗansu.

Babban ɗan mai gyaran wutar lantarki ne, unguwa na kiransa Injiniya ko da yake bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. Ɗa ne nagari, ba mai ja da wannan. Aibinsa ɗaya: in ya ga mutum na yin abu da ƙarfin jikinsa, ji yake kamar an zage shi. Shi ya sa wa tankin gidan famfo mai inji, shi ya sayo wa uwarsa injin niƙa, har ƙofar gidan sai da ya yi mata ƙararrawa, alhali duk mai zuwa da murya yake sallama.

Suka kai shi asibiti su uku, Inna da Injiniya da Auta, ƙaramar 'yarsa mai aure. Likitan matashi ne, ga mutum arba'in a benci suna jiransa. Ya ɗaga hoton ƙashin wajen taga, ya ce ƙasusuwan ƙasan baya sun goge sun matse jijiya, kuma a shekarun Baba ba a maganar tiyata. Ba warkewa yake ba, lallaɓa shi ake yi. Injiniya ya kawo maganar keke. Likitan, wanda watakila rabonsa da ganin keke mai feda tun yana goye, ya tambaya ko in Baba ya tashi daga kansa yana jin ciwo. Bakuna uku suka amsa kafin Tela ya buɗe nasa. Likitan ya dube shi, ya ce haka ne, Baba? Ya ce haka ne. Ai gaskiya ce. Tambayar da aka yi masa kenan.

“To ya bar shi,” in ji likita, yana rubutu.

Ya rubuta ƙwayoyi, ya haɗa da takardar zuwa sashen gashin ƙashi, inda ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi. Da suka je can aka duba littafi, aka ba su rana nan da wata biyu.

Auta ta ce a gidanta zai yi hutun mako guda. Gidan bene ne, da katifa mai laushi da mutum ke nutsewa a ciki. Ko kofi ba ta bari ya ɗaga ba. Kwana bakwai ciwon ya samu fili, ya baje kolinsa, har ta fara ganin ubanta na cizon matashin kai da rana tsaka. Ta buga wa yayanta waya tana kuka, ta ce ya ga irin ɓarnar da keken nan ya yi wa Baba. Tela yana jin ta. Shi kwanaki yake lissafawa, saura uku, saura biyu, ya koma kan fedarsa.

Ranar da aka dawo da shi ba a shiga da shi ta ƙofar gida ba, ta ƙofar shago aka bi. An share, an yi fenti, Inna da surukarta da Mai Guga duk suna tsaye suna murmushi. Kan keken na nan, baƙin nan mai zanen furanni da tafin hannunsa ya goge rabinsu. Amma a kan sabon farin teburi yake zaune, da ɗan inji maƙale a bayansa. A ƙarƙashin teburin babu komai. Babu wili, babu bel, babu feda. Sai baƙar waya da wani ɗan abu a ƙasa, bai fi sandar sabulu ba.

Injiniya ya taɓa abin nan da babban yatsansa, keken ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, allura ta ɓace don sauri.

“Baba, daga yau ƙafarka ta yi ritaya.”

Aka yi dariya. Tela ya tambaya ina ƙafar keken, yana nufin ƙarfen da ke ɗauke da feda da wili. Inna ce ta amsa. Ta ce ta san halinsa, in yana ganinta a gidan sai ya sa an mayar, shi ya sa jiya ta sa aka ba masu sayen tsohon ƙarfe.

Tela ya dubi ɗansa. Akwai filasta a babban yatsan hannunsa, inda abin huda katako ya yanke shi. Kwana uku yana rufe shagonsa da wuri saboda wannan aikin. Fuskarsa kuwa irin wadda ya shigo da ita ce ranar da ya fara kunna ƙwan fitila da batir, yana ɗan shekara tara.

“Allah ya yi maka albarka,” in ji Tela.

Daga baya, in yana kwance yana kallon silin, nan wurin yake komawa. Maganar ba ta wuce kalma shida ba: je ka dawo min da ita. Jiya-jiya aka ɗauka, masu ƙarfen ba su yi nisa ba. Amma ta yaya mutum zai mayar da hannun kyauta baya a gaban suruka da maƙwabci, ga ɗa tsaye da filasta a yatsa?

Injin ba shi da laifi, aikinsa yake yi. Kayan makarantar da Tela kan wuni a kansu, kafin hantsi ya gama su. Sai dai yanzu ƙafar a kafe take, babban yatsa kaɗai ke aiki, kuma baƙon nan ya bar bakin ƙofa, ya shigo ya zauna masa a cinya. Ya gwada kaɗa ƙafa a kan siminti, yatsu, diddige, yatsu, diddige. Siminti ba ya mayar wa mutum komai. A nan ya gane ba dannawar kaɗai ba ce. Wilin ne, nauyinsa, yadda in ka ba shi sai ya ba ka, har jiki ya manta wa ke tura wa. Ya samo guntun katako ya ɗora a kan bututu ya yi ta lilo da ƙafa, abin ya yi ta zamewa. Inna ta gani ta kwashe, ta ce so yake ya faɗi ya ƙara mata aiki. Ya gwada tafiya a bakin titi, amma tafiya da nauyin jiki ake yin ta, kuma nauyin ne ƙugun ba ya so. Bai kai shagon mai faci ba sai da aka riƙo shi.

Sai ya ƙara ƙwaya. Ƙwayar ba ta korar ciwon, shi Telan take korewa, ta bar ciwon da gida. Wata safiya yana gyangyaɗi yatsan ƙafarsa ya danne abin nan, injin ya figi rigar wani malamin makaranta, ya ɗinke aljihu da hannun riga wuri ɗaya, allura ta ratsa farcen Tela ta karye a ciki. Ranar aka rufe shagon. Injiniya ya ce ai dama hutu likita ya ce.

Aka mayar da shi gado. Inna na kawo abinci, tana kwashe kwano kusan yadda ta kawo shi. In ta ga ƙafarsa na motsi a ƙarƙashin mayafi sai ta dafa gwiwar a hankali, ta ce ya bar wahalar da ita. Da ƙauna take yi, shi ya sa bai iya ture hannun ba.

Mai Guga kan shigo bayan azahar da warin sitaci a jikinsa. Wata rana ya ce aljanu na cigiyar telansu, duk wandunansu sun yage a gwiwa. Tela bai yi dariya ba. Ya sake faɗa masa abin da ya taɓa faɗa, wannan karon dalla-dalla. Mai Guga ya yi ta murza kafaɗarsa. Can ya ce shi ma, in ya tuna, ranar da babu wuta ya zauna hannu rabbana ita ce ranar da kafaɗar ke damunsa, ba ranar aiki ba. Ya ce to ya gaya wa yaron mana.

“In ce masa me? Kyautarka ce ta kwantar da ni?”

“Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka yi shiru wa zai hau rufin?”

Tela ya juya fuska bango. Mai Guga ya zauna kaɗan, ya tashi.

Ranar gashi ta zo. A keken guragu aka tura shi cikin ɗakin, mai ƙamshin man zafi, da ƙarafan dafawa a jikin bango. Mai gashin mace ce mai faɗin tafin hannu, ba ta da yawan fara'a. Da Inna ta fara zuba bayani sai ta ɗaga mata hannu, ta ce mai ciwon na da baki. Ta jawo kujera ta zauna daidai fuskarsa. Ba ta tambayi abin da ke tayar da ciwon ba.

“Baba, me ke sa shi ya lafa?”

Shekara uku da wata biyu, sai yau aka yi masa tambayar. Ya dubi Injiniya, wanda ke tsaye riƙe da jakar magunguna. Sannan ya faɗa. Ya faɗi taku goma sha huɗu, da ƙafar wando ta farko da ta biyu, da keken da yake takawa babu zare. Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce ta sha ganin haka. Ta ce wani jikin, in yana motsi mai tafiya daidai, wanda ya saba da shi kuma ba ya tsoro, sai kai ya cika da labarin motsin, ciwo ya rasa wurin da zai ɗaga murya. Ba warkarwa ba ce, ta ce, amma da ita ake rayuwa. Ga shi kuma motsin ne ya riƙe masa naman ƙafar duk shekarun nan.

“Ina keken yanzu?”

Injiniya ya kafa wa soket ɗin bango ido kamar yana neman laifinsa.

Ta ɗauko tef ta auna ƙwaurinsa na hagu, ta auna na dama. Ba ta faɗi lambar ba, amma shekara hamsin Tela na karanta tef a juye daga ƙasa, ya gani. Inci biyu ne tsakani. Ta sa tafin hannunta a tafin ƙafarsa, ta ce ya tura. Ya tura. Ta ce ya tura mana, Baba. Ya ce ai ya tura.

Ta rubuta motsa jikin da za a riƙa yi masa a gida, ta nuna wa Auta. Ta ce ba za ta yi musu alkawari ba, jijiyar da ta matsu ga kwanciyar wata biyu, a shekarunsa abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba. Ta duba littafi, rana mafi kusa nan da mako bakwai ce. A mota Inna ta yi ta gyara masa hular da ba ta karkace ba.

Washegari Injiniya bai buɗe shago ba. Ya tafi filin masu tsohon ƙarfe. Suka ce irin wannan ƙarfen ba a ajiye shi, ranar da ya zo ake sa masa guduma, tuni ya bi mota. Ya bi shagunan teloli ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sun sa inji sun zubar da nasu, wasu ma shi da kansa ya sa musu. A kwana na goma sha ɗaya ya samu wata ƙafar keke a barandar wata mata, an ɗora mata katako an jera tukwanen furanni. Ya kankare tsatsa, ya sa mai, ya samo sabon bel, ya kwance injinsa ya sa a kwali ya tura ƙarƙashin benci. Wannan karon bai gayyaci kowa ba.

Da hantsi shi da mijin Auta suka ɗauko Tela, suka yi masa taku goma sha huɗun. Suka zaunar da shi. Injiniya ya durƙusa ya ɗora masa ƙafafun a kan feda, ya sa hagu a gaba. Tela ya ce dama ce a gaba. Ya gyara.

Sanyin ƙarfen ya ratsa tafin ƙafarsa, kuma na ɗan lokaci, tsakani da Allah, ya sa rai. Ya mari ƙaramin wilin. Ya danna. Babban wilin ya taso, ya kai rabin zagaye, ya tsaya yana shawara, ya koma inda ya fito. Ya sake. Hagu na bayarwa, dama ba ta karɓa. Ya yi sau tara, gumi na ɗiga daga gemunsa kan teburi, wilin bai zagaya ko sau ɗaya ba. Mijin Auta ya tuna yana da wani uzuri, ya fita.

Injiniya bai tashi daga durƙuson ba. Ya sa hannu biyu ya kama bakin fedar, ya fara dannawa da kansa. Wilin ya zagaya. Bel ya kama, keken ya ɗauki tsohuwar muryarsa, har Mai Guga ya ajiye dutsen guga a can ɗaya shagon ya kasa kunne. Ƙafafun Tela na hawa suna sauka, yatsu, diddige, yatsu, diddige, daidai yadda suka saba.

Tela ya lumshe ido ya jira. Ya ƙiyasta ƙafar wando ɗaya. Ya ƙiyasta ta biyu. Ciwon na nan a cinyarsa, bai ko gyara zama ba. Ƙafar da aka ɗauka daban, ƙafar da ta tafi da kanta daban, kuma ciwon ya fi kowa sanin bambancin.

Daga ƙarƙashin teburi, yana haki, Injiniya ya ɗago kai. Filastar ta daɗe da fita, sai ɗan tabo.

“Baba, yaya? Ya fara sauka?”

Wayar da ke aljihunsa ta yi ta ƙara, masu aiki na nemansa, kwana goma sha ɗaya shago a rufe. Hannayensa sun fara gajiya. Ko ɗa nagari ba zai wuni a ƙarƙashin teburi ba.

“Da sauƙi,” in ji Tela. “Tashi ka tafi aikinka.”

Injiniya ya ƙara dannawa sau uku ko huɗu, sannan ya saki. Wilin ya yi zagaye ɗaya da kansa, ya yi rabi, ya tsaya.